Rarar Rijiya da Rarar Rana

A watan Oktoba na 2024 aka lalata turakun babban layin wuta da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, sannan ɗaya layin da ke biyowa ta Makurɗi da Jos shi ma ya faɗi. Mu a Kano muka yi fiye da mako guda cikin duhu. Allurar ciwon sukarin maiɗakina, wadda sai a firji take zama, a leda muka ƙulle ta muka riƙa tsomawa cikin randa. Da wuta ta dawo ban yi shawara da kowa ba. Na sayar da ɗan filin da na ajiye wa tsufa, na kira yaro mai haɗa sola. Faranti takwas a kan kwano, batir biyu, inbata ɗaya. Ranar da ya kunna, ji na yi kamar an sauke mini dutse daga ka.

Sai da bazara ta shigo na lura da wani abu. Kafin a kira azahar batir ya cika taf, lambar da ke nuna abin da farantan ke bayarwa kuma ta zube ƙasa, alhali rana na tsaka tana ƙwallewa. Na kira yaron na ce wani abu ya lalace. Ya duba, ya yi dariya.

"Baba, lafiyarsa ƙalau. Tulu ne ya cika. In babu inda wutar za ta je, farantin ba ya ma yin ta."

A daidai wannan sa'a, bayan katangata, ƙaramin janaretan maƙwabcina tela yana ta tari yana shan fetur, don kawai ya juya keken ɗinki biyu da dutsen guga. Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Nan ana korar wuta don ba wurin zuba ta, can ana sayen ta da kuɗin cefane.

Na kai maganar zaure, inda muke bitar Risala bayan la'asar. Na ce, "Allah gafarta Malam, wannan rarar ta wa ce?" Malam ya mayar da ni kan mas'alar ruwa. Wanda ya haƙa rijiya shi ya fi kowa haƙƙi da ita. Amma in rijiyar maƙwabcinsa ta rufta, ga shuka tana neman ƙonewa, ba ya hana shi abin da ya rage bayan ya biya tasa bukatar, sai dai malamai sun saɓa kan ko zai karɓi kuɗi. Ya kuma tuna mana hadisin da ya sa ruwa da ciyawa da wuta cikin abubuwan da mutane suka yi tarayya a kansu. Sai ya ɗaga yatsa ya ce shi ba zai ja wannan zuwa kan lantarki ya kira shi fatawa ba, domin faranti da batir dukiya ce da aka saya, dukiyar mutum kuwa ba ta halatta sai da yardarsa. "Amma kai da ka yi tambayar," in ji shi, "da alama zuciyarka ta riga ta ba ka rabin amsa."

Ta ba ni kuwa. Mun tashi muna ganin yarinya ta shigo gida da tsingaro a hannu, ta ce wai a sam musu wuta. Ba a taɓa jin matar da ta hana ba, domin garwashi biyu ba sa kashe murhu. Tawa rarar ta ma fi wannan sauƙin bayarwa: in na bayar ba abin da ya ragu a gidana, in na hana ba abin da ya ƙaru. Farantin nawa ne, na yarda. Ranar da ke dukansa fa, wa ya saya?

To me zai hana in zuba ta cikin wayar da ke kan fal-wayar ƙofar gida, ta tafi duk inda ake bukata? A nan ne na gane cewa niyya mai kyau ba ta isa ba. Layin wuta na ƙasa ba shi da rumbu. Abin da aka samar a wannan daƙiƙa, a wannan daƙiƙa ake shanye shi. Injunan Kainji, da aka gama a 1968, da na Jebba da Shiroro da Zungeru, da na gas irin na Egbin a Legas, duk a taki ɗaya suke juyi, wutar tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa. In masu sha suka fi ƙarfin masu bayarwa, takin ya yi ƙasa. In ya yi ƙasa da yawa, injunan su janye kansu ɗaya bayan ɗaya don kada su lalace, shi ne abin da rediyo ke kira faɗuwar babban layi. Akwai mutane a Oshogbo da aikinsu ke nan dare da rana, gadin wannan lamba.

Da yaron ya yi mini wannan bayani, abin da ya faɗo mini shi ne sahun sallah, misali kawai, ba haɗa su nake ba. Inbatar da aka ƙera don tura wuta cikin layi mamu ce. Tana sauraron takin layin, ta bi, ba ta riga shi ba, ba ta jinkirta. In layin ya ɗauke, dole ita ma ta tsaya nan take, domin in ta ci gaba da turawa, ma'aikacin da ya hau fal-waya yana zaton babu wuta zai iya rasa ransa. Wato kyautata, in na yi ta gaba gaɗi, tana iya kashe mutum. Kuma manyan injunan ruwa da na gas suna da nauyin ƙarfe mai juyawa, wanda ke riƙe takin na ɗan lokaci in an samu girgiza. Faranti ba abin da ke juyawa a cikinsa. In mamu suka yi yawa, liman kuma ba shi da ƙarfi, sahu ba ya daɗewa. Yanzu ana ƙera inbata mai haɗe da manyan batura da za ta iya riƙe takin da kanta, kamar wanda liman ya jawo daga sahun farko ya ƙarasa wa jama'a.

Sai kuma halin ita ranar. Tana bayarwa da yalwa lokacin da gidaje suka watse, ta janye daidai magariba, sa'ar da kowa ya dawo ya kunna ƙwai da fanka da talabijin. Hazo na rage ta, hadari na iya rufe ta cikin minti kaɗan. Maganin wannan tsoho ne, tun shawarar da Annabi Yusuf, alaihissalam, ya ba Sarkin Masar: a ajiye na lokacin yalwa don lokacin rashi. Mu shekaru bakwai ɗinmu sa'o'i ne. Da a ce farantan Arewa suna ciyar da layi da rana, da an rage sakin ruwan Shiroro, a tara shi bayan madatsa, a buɗe da magariba. Ga rumbun a gine tun 1990.

Abin da ya fi damuna, dai, ni ne. Ranar da na ji an sauke mini dutse, kan wani aka ɗora shi. Waya da taransfoma suna cin kuɗin gyara ko mutum goma ke sha ko dubu. Duk mai hali da ya fice da solarsa, nauyin ya koma kan waɗanda ba su da filin sayarwa. Da aka kai kuɗin wutar rukunin farko na masu shan lantarki naira 225 a kowane yunit a Afrilun 2024, masu ficewa suka ƙaru. Mun zama unguwar da kowane attajiri ya haƙa burtsatse a tsakar gidansa, famfon bakin titi ya bushe ba mai ko tambaya. Ban ga laifin wanda ya fita ba, ni ma allura na ceta. Amma ban yarda in kira wannan mafita ba.

An fara wani abu, ko da kaɗan ne. Akwai tashar sola mai megawat 10 a Challawa nan Kano, akwai mai megawat 30 a Gorou Banda kusa da Yamai, wadda Nijar ta ga amfaninta bayan da Najeriya ta yanke mata wuta a 2023. Jamus tun shekarar 2000 ta yi dokar da ta sa ake sayen wutar da mutum ya tura daga rufin gidansa. Saɓanin nan na malamai kan kuɗin rarar ruwa, su Jamusawa mita mai ƙirga shiga da fita suka sa ta raba musu gardama. Irin wannan mita kuwa sai inda layi ke tsaye da rana, kuma kowane ɓangare ya amince da lissafin ɗan'uwansa.

Kafin wannan ta iso unguwarmu, na sa yaron ya ja waya ɗaya ta kan katanga, da makunni a ɓangarena da abin da zai yanke ta in an ɗora mata nauyin da ya fi ƙarfinta. Ina kunnawa da hantsi, in kashe da la'asar, kafin a fara taɓa abin da batir ya tara wa firji. Dutsen guga muka cire daga yarjejeniya, ya koma na gawayi. Tela ya zo da kuɗi a ƙarshen wata na ƙi karɓa, shi kuma ya ƙi karɓar kuɗin ɗinkin sallar jikokina, har yau ba mu san wa ke bin wani ba. Shekaranjiya matar da ke sayar da ƙanƙara, gida na huɗu daga nawa, ta aiko ɗanta ya tambaya ko wayar za ta kai wurinsu. Na auna da ido, akwai gidaje biyu da kwata a tsakani. Na ce ya gaida ta, zan tambayi mai haɗawa.