Hannu Da Yawa, To Miyar Fa?

Ranar da aka rufe horon ƙera kayan ado a Falanko ta yankin Tanut, a ƙasar Damargu, ɗaya daga cikin masu shirya taron ya miƙe ya ce, "Jama'a kun gani da idonku, hannu da yawa maganin ƙazamar miya." Aka yi ta tafi. Ni kuwa maganar ta tsaya mini a rai.

Aikin da aka yi ba na rainawa ba ne. An zaunar da wani dattijon Buzu maƙerin fari, da mata masu saƙar faifai, da wata badukiya, da samari masu zane daga Damagaram, duk a tabarma ɗaya. Aka zube musu abin da gari ya yar: marafan kwalba, gwangwanin madara da na tumatir, wayar tsohuwar rediyo, guntayen fata. Daga nan aka fitar da 'yan kunne da awarwaro da sarƙa. A ƙasar da ƙira gado ce, ɗan wani gida ba ya taɓa masabar wani, wannan zaman kaɗai ma an yi ƙoƙari.

Sai dai karin maganar ba kirari take yi wa haɗin kai ba. Miyar ba ta gyaru ba, taruwa aka yi aka cinye ta don a huta. In abin da mai jawabi yake nufi ke nan, ya yi gaskiya, an rage shara a bayan kasuwa. In kuwa nufinsa yawan hannu ya mai da gwangwani abin da amarya za ta rataya a wuya, to da sauran magana.

Na ce wa kaina, kai ma ka cika ƙorafi, ai narka tsohon abu a yi sabo ba yau aka fara shi a Damargu ba. Nan ne hanyar ayarin Abzinawa, su sauko da gishirin Bilma da dabino, su auni gero, wasu su zarce Kano. Cikin abin da ya bi wannan hanya har da kuɗin azurfan nan mai hoton sarauniyar Ostiriya, Mariya Taresa. Ta rasu a 1780, amma aka ci gaba da buga kuɗin da wannan shekara a jikinsa, don 'yan kasuwar Larabawa da na Afirka ba su yarda da wani ba. Nauyinsa wajen giram 28, azurfar cikinsa kashi 83 cikin ɗari. Ba haƙo azurfa maƙeran Buzaye suke yi ba, wannan kuɗin suke narkawa. Maƙeri zai siffanta abin wuya da kakin zuma, ya lulluɓe shi da yumɓu, ya gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, sannan ya zuba ruwan azurfa a gurbinsa. In ya huce a fasa yumɓun, a goge, a zauna da ɗan ƙarfe mai tsini ana zana layi ɗaya bayan ɗaya. Kuros ɗin Agadas da duniya ta sani haka ake yin sa. Yaro na zuga, maƙeri na zuba, matarsa na ɗinka jakar fata. Hannu da yawa ne, ba shakka. In munduwa ta karye a mai da ita wuta ta fito zobe, zoben ya tsufa ya koma 'yan kunnen jika.

To me ya bambanta? Abin da aka narka yana da daraja tun kafin ya shiga wuta. Mace ta sa azurfa ta yi ado, kuma ta yi ajiya. A farin 1973 da na 1984, da dabbobi suka ƙare, mata da yawa kayan wuyansu suka cire aka sayi hatsi. Marfin kwalba ko maƙera goma suka taru a kansa, ranar da rumbu ya yi ƙasa ba zai kawo tiya ɗaya ba.

Dattijon nan na ji ya faɗa wa wata mai saƙa, yana juya ɗan kunnen da suka gama a tafin hannunsa: "Inna, ya yi kyau. Ke za ki saya wa ɗiyarki?" Ta yi dariya ta ce, "Haba Baba, a ce na sa mata gwangwani?"

Kada in zalunci gwangwanin. A kasuwar Katako ta Yamai, alminiyom ɗin da aka tsinto ake narkawa a zuba tukwane, kuma ba gidan da ke jin kunyar ɗora su a murhu. Masagan Bida a ƙasar Nufe kwalabe suke narkawa su yi duwatsun wuya da awarwaro, sun kuma yi suna da su. Ashe tsintuwa ba aibi ba ce. Amma waɗannan gwanaye ne da suka shekara a bakin wuta, kuma masu sayensu na nan kusa. Mai tukunya bai jira baƙo ba.

Kayan Falanko kuwa don wa aka yi su? Don Bature mai yawon buɗe ido, mai son ya ji labarin cewa daga shara aka ƙera. Wannan Baturen ya ɗauke ƙafa daga hanyar Agadas tun tawayen 2007 da sace mutanen da aka yi a Arlit a 2010. Maƙeran azurfa na gaske ma da yawansu sai sun bi kasuwa har Yamai ko ƙetare. Matan Tanut da Balbeji kuma in sun samu 'yan kuɗi, mai ruwan zinariya na kanti suke nema.

Wataƙila na yi gaggawa. Mai yiwuwa cikin yaran da suka riƙe awartaki a karon farko a sami wanda hannunsa zai faɗa, ya bi dattijon nan ya koyi azurfa. Masu shirya taron sun ce za a kai kayan SAFEM, baje kolin sana'o'in mata da ake yi a Yamai. Daga Tanut zuwa can ya haura kilomita 1,000, kuma har aka watse ban ji an ambaci wanda zai biya kuɗin mota ba.