Da me ake auna jarumtar matuƙin jirgin yaƙi?

'Yan'uwa, a nan Kano ake horas da matuƙan jiragen yaƙi, ma'aikatan Bompai sun saba jin ruguginsu. A Satumban 2014 wani Alpha Jet ya tashi daga Yola zuwa yaƙar Boko Haram, bai dawo ba. Sadaukarwa ce, ba musu.

Amma ni dai na fi girmama wanda shakka ta kama shi ya komo da bom ɗinsa, ko ya sauko ƙasa-ƙasa inda harsashi zai iya samunsa, don ya tantance su wa ke ƙasa. Daga sama ai taro duk kamarsa ɗaya. Ranar 17 ga Janairun 2017 sansanin 'yan gudun hijira na Rann aka jefa wa bom, mata da yara suka mutu.