Wahalar Ganin Dama da Wahalar Dole

Mai karatu, wata muhawara ce ta kaure a teburin mai shayi a unguwarmu ta Sabon Gari, nan cikin Sakkwato. Wani yaro ne ya nuna mana wani ɗan fim a wayarsa: Bature shi kaɗai cikin kwalekwale, rana ta gasa shi, wai ya sha alwashin bin kogi tun daga mafarinsa har inda ya faɗa teku. Wani dattijo ya leƙa, ya yi tsaki, ya ce, "Wanga ƙoshi na. Mai yunwa ba ya wanga wasa." Aka tuntsire da dariya. Ni kuwa na kwana da tambayar a raina: shin daidai ne mutum ya sayi wahala da kuɗinsa alhali wasu wahalar ce ke sayen ransu?

Kada ka yi saurin kushe dattijon. Dubi namu gulbin. Rima ya bi ta ƙarƙashin gadar Kwalkwalawa, ya haɗe da Gulbin Sakkwato, su ratsa Argungu da Birnin Kebbi, su zube a Kwara. Masu hawa ruwan nan kullum ba shaƙatawa suka fito ba. Kasuwa za su, ko gona. A watan Mayun 2021 jirgin ruwa maƙare da mutum fiye da 100 ya nutse kusa da Warra a Jihar Kebbi. A Agustan 2025 wani ya kife da masu zuwa kasuwar Goronyo. Shi mai yawon kogi yana da rigar kariya da waya, kuma ranar da ya gaji sai ya tattara ya koma gida. Su fa?

To amma akwai wani ɓangaren, kuma a matsayina na mai sharhin fim ba zan iya kauce masa ba. A 1946 wasu samarin Faransa uku, Jean Rouch da Pierre Ponty da Jean Sauvy, suka kama Kogin Kwara daga mafarinsa a ƙasar Gini, suka bi shi fiye da kilomita 4,000, ba su isa teku ba sai a 1947. Da dattijonmu ya gan su, ƙoshi zai ce. Sai dai Rouch ya tafi da ƙaramar kyamara. An ce a hanya ƙafafun kyamarar suka salwanta, dole ya koma ɗaukar hoto da hannu, salon da aka san shi da shi daga baya. A tafiyar ne ya ɗauki Sarkawa suna farautar dorina, wanda ya zama fim ɗinsa na farko.

Abin da ya fi burge ni shi ne bai wuce mutanen bakin ruwa kamar ya wuce itatuwa ba. Damouré Zika, ɗan Sarkawa, ya zama amininsa kuma tauraron finafinansa. Oumarou Ganda, wanda ya fito a fim ɗinsa na 1958, ya zama babban darakta a Nijar. Shi kansa Rouch bai rabu da ƙasar ba har ya rasu a haɗarin mota a 2004 kusa da Birnin Ƙonni, nan maƙwabtanmu.

Yanzu gwada shi da Mungo Park, wanda ya ratso kogin nan da bindiga, yana ƙin tsayawa ya gaisa da masu gari, har ya halaka a Busa a 1806. Amma an daɗe ana koya wa yara wai shi ya "gano" Kwara, sai ka ce kakannin Sarkawa a tudu suke su.

Ka ga ke nan ba a wahalar ake gane wauta ko hikima ba. A ganina ma'aunin biyu ne: me matafiyin ya gani, kuma me ya komo da shi? In kansa kaɗai ya gani, ya komo da hotunan fuskarsa da kirarin jarumta, to dattijo ya yi gaskiya, ƙoshi ne da neman suna. In kuwa ya ga mai tuƙin da ya fiddo shi daga igiyar ruwa, ya ambaci sunansa, ya sa duniya ta san halin da yake ciki, to wahalarsa ta biya.

Nan ne maganar ta dawo kanmu. Mu a finafinanmu, bakin ruwa wurin rawa da waƙa ne kawai. A gama rausaya a hau mota. Ina daraktan da zai ɗauki kyamara ya shiga jirgi a Kwalkwalawa, ya bi ruwan nan har Yawuri, yana sauraren masunta da 'yan kasuwa da iyayen da ruwa ya ci 'ya'yansu? In ya tashi, don Allah ya neme ni. Zan riƙe masa jaka, kuma zan roƙi dattijon nan ya raka mu bakin gulbi.