Zauren ka ne, amma bakin mu ne

Mai karatu, in dai ka na cikin wani zauren WhatsApp ko Facebook na masoya finafinai ko makaranta littattafai, to ka san dokar nan da ake kafawa tun daga ƙofa: ban da siyasa. Doka ce mai kyau a ido. Amma ka taɓa lura da yadda ake aiki da ita? Wani zai turo waƙar gwanin sa, a yi ta tafi har da shugaban zaure. Wani ya turo ta nasa gwanin, kafin ya ƙifta ido an goge, an kuma karanto masa doka. In ya ce uffan, sai waje. Ashe siyasa ita ce abin da ɗan wancan ɓangaren ya faɗa. Abin da namu ya faɗa kuwa, ai gaskiya ce kawai!

In ka yi ƙorafi, amsar ɗaya ce: “Zaure na ne, wanda bai ji daɗi ba ga hanya.” Kada ka yi saurin watsar da wannan magana, domin akwai ƙamshin gaskiya a cikin ta. Zauren da ba mai tsawatawa, kwana biyu ya koma dandalin ashar da ƙazafi, masu mutunci su naɗe tabarmar su. Wanda ya zagi uwar wani, a fitar da shi, ba wanda zai yi kuka.

To amma shin mallaka ta na ba mutum ikon son kai? Dubi zauren gidan Bahaushe. Maigida ne ya gina shi, ba musu. Amma ran da ya shimfiɗa tabarma ya ce jama'a bismilla, ya ɗauki amana. Hirar da ta sa zauren ya yi suna ba shi kaɗai ya yi ta ba. Ya na da ikon ya ce ba a kaza a nan, sai dai ba shi da ikon ya sa dokar ta riƙa gane fuska. Mai rabon faɗan da ya riƙe hannun mutum ɗaya ya bar ɗayan ya na duka, ai ya shiga faɗan.

Wannan ciwo ba na ƙananan zauruka ba ne kaɗai. Ka tuna Yunin 2021, lokacin da Twitter (wanda ya koma X a 2023) ya goge saƙon Shugaba Buhari da ya gargaɗi masu kai hare-hare a kudu maso gabas, har ya tuna masu yaƙin basasa. Ministan yaɗa labarai Lai Mohammed ya zargi kamfanin da fuska biyu: me ya sa aka ƙyale saƙonnin Nnamdi Kanu? Tambaya ce da ta cancanci amsa. Sai dai maganin da gwamnati ta kawo ya fi cutar: ta rufe dandalin a ƙasar baki ɗaya, kuma, abin dariya, a kan Twitter ɗin aka yi sanarwar. Sai 13 ga Janairu, 2022 aka buɗe, bayan fiye da wata bakwai. A Yulin 2022 kotun ECOWAS ta ce rufewar ta saɓa doka. Wanda ya yi kukan an goge masa saƙo ɗaya, ya samu iko ya rufe bakin miliyoyi, har da 'yan kasuwar da ba ruwan su da rigimar.

Haka ta ke a ƙaramin zaure. Ɓarnar ba ta tsaya kan wanda aka kora ba. Shi ya tafi ya buɗe nasa, galibi ma ya fi na farko zafin hannu. Waɗanda su ka rage su ne abin tausayi. Kowa ya koyi duban fuskar shugaba kafin ya yi rubutu. Mai sharhin da ya san fim ɗin wane bai yi kyau ba zai haɗiye, tunda jarumin ɗan jam'iyyar oga ne. Shugaba kuma ya leƙo ya ga shiru, ya ce alhamdu lillahi, zaman lafiya ya samu.

In kai ne mai zauren, buɗe jerin waɗanda ka kora tun zaɓen 2023, ka ƙirga mutum nawa ne a ciki ku ka zaɓi ɗan takara ɗaya.