Wa ya kamata ya gwada manhajar da ke cikin agogonka?

Wani abokina da muke ɗaki guda a jami'a ya sayi agogon zamani, irin wanda ake haɗawa da salula. Ya saka mishi wata aplikasiyo, wato manhaja, wadda ba kamfanin agogon ya yi ta ba, wai tana ƙirga bugun zuciya. Wani dare ta nuna mishi lamba mai ban tsoro. Bai runtsa ba, gari na wayewa ya tafi asibiti, aka ce lafiyarshi lau. Da ya koma wajen mai shago, sai mutumin ya ce shi agogo ya sayar, ba manhaja ba. Wanda ya rubuta manhajar kuwa, ko ƙasarshi ba mu sani ba. Muka kwana muna gardama: cikinsu wa ya kamata ya gwada ta kafin ta iso hannun mutum?

Amsar da ta fi sauƙi ita ce mai rubutawa. Gaskiya ne, shi ya san abin da ya zuba ciki. Sai dai sau da yawa mutum ɗaya ne ko biyu, da agogo guda a kan tebur, alhali agogunan da ke aiki da Wear OS na Google kamfanoni daban-daban ke ƙera su. Ba zai iya gwada duka ba. Kuma mai kaya ba ya zama shaidar kayanshi.

Ni dai ina ganin nauyin ya fi karkata ga mai tsaron ƙofa. Ku duba kasuwar bisashe. Dillalin da ya karɓi la'ada a kan rago, in aka gano ragon na sata ne, ba ya cewa ai ba shi ya yi kiwonshi ba. Shi ake fara nema, don da amincinshi aka saya. App Store da Google Play dillalai ne. Su ke cewa wannan manhaja ta shiga, waccan ta tsaya, kuma suna karɓar kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari na cinikin da aka yi ta hannunsu. Wanda ke da ikon hanawa, yana kuma cin riba in ya bari, da wane baki zai ce gwaji ba aikinshi ba ne?

Wani cikinmu ya ce ai suna dubawa kafin su saki manhaja. Haka ne. Amma me suke dubawa? A watan Janairu 2018 wani ɗalibi ɗan Ostareliya, Nathan Ruser, ya lura cewa taswirar da Strava ta wallafa, mai nuna inda masu amfani da ita ke gudu, ta bayyana sansanonin soja, har da na sojojin ƙasashen waje a nan Sahel. Sojoji ne ke motsa jiki da agogo ko salula a jikinsu. Manhajar ba ta lalace ba, abin da aka gina ta ta yi shi ta yi daidai. Ke nan gwajin da ya tsaya ga ko tana buɗewa, ko tana shan batir, bai taɓa ainihin matsalar ba. Agogo yana manne da fata dare da rana, ya san barcinka da hanyar gidanku. A 2017 hukumar sadarwa ta Jamus ta hana sayar da agogunan yara masu iya sauraren magana a ɓoye. Can hukuma ce ta shiga tsakani, ba a jira dillali ba.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce mai saye ya kula da kanshi, tunda ya danna amincewa. Dogon rubutu ne da Turanci ko Faransanci, ba wanda ke karanta shi, ni ma ban taɓa ba. Abokina da ya kwana yana dafe ƙirji, shi ya yi musu gwajin, kyauta, ya kuma biya kuɗin ganin likita daga aljihunshi. Har yanzu manhajar na nan ana sauke ta.