Aiki Ɗaya, Albashi Biyu: Rabo Ne ko Tauye Haƙƙi?

Duk wanda ya shiga banki a Kano ko Kaduna zai ga matasa jere a bayan gilashi suna ƙirga kuɗi. Shigarsu iri ɗaya ce, tare suke sammako, kuma in lissafin yamma bai cika ba kowa ya san a wuyansa abin zai faɗa. Mai ajiya da ke kan layi ba zai iya bambance su ba. Amma a cikinsu akwai cikakken ma'aikacin banki, akwai kuma ɗan kwantaragi, wanda wani kamfanin samar da ma'aikata ya ɗauka ya turo. A ƙarshen wata kowa yakan sunkuyar da kai ya duba alat a ƙarƙashin kanta. Ɗaya ya mayar da waya aljihu fuskarsa a sake, ɗayan ya daɗe yana kallon lambobin, sannan ya ɗago ya ce, "Na gaba."

Haka abin yake a makarantu masu zaman kansu, inda malamai biyu ke shiga aji iri ɗaya amma kowa da cinikin da aka ƙulla da shi a ofishin mai makaranta, ƙofa a rufe. Haka yake a asibitocin kuɗi da ƙungiyoyin agaji.

Wanda ya gano an fifita takwaransa a kansa, in ya kai kuka gida, amsar da zai ji sananniya ce. Uwa za ta ce, "Yi haƙuri ɗana, kowa da rabonsa, wasu ma aikin suke nema ruwa a jallo." Yaya zai ƙara da cewa, "Kai dai kiyayi hassada, rabon kwaɗo ba ya hawa sama." Sai matashin ya koma wurin aiki da kaya biyu a ka: ga ƙarancin albashi, ga zargin kansa da raunin imani. To, shin da gaske addini ne ya ce ya ja bakinsa?

Masu ba shi haƙuri ba da ka suke magana ba. Aya ta 32 a Suratun Nisa'i ta hana mutum ɗora ransa a kan abin da Allah ya fifita wani da shi, ta nuna masa ya roƙi falala a wurin Mai falala. Aya ta 71 a Suratun Nahli ta tabbatar da cewa ba a yi mutane daidai a arziki ba. Akwai kuma hadisin da Bukhari ya ruwaito, wanda ya kwatanta al'ummomi da 'yan ƙwadago: wasu suka yi aiki daga safe zuwa tsakar rana a kan ƙiraɗi ɗaya, wasu daga nan zuwa la'asar a kan ƙiraɗi ɗaya, na ƙarshe kuwa daga la'asar zuwa faɗuwar rana aka ba su bibbiyu. Na farkon suka fusata, aka tambaye su ko an rage musu wani abu daga haƙƙinsu, suka amsa ba a rage ba. Kiristoci ma suna da makamancin wannan a babi na 20 na Linjilar Matiyu, labarin mai gonar inabi da ya biya waɗanda ya ɗauka da yamma daidai da waɗanda suka sha rana tun safe.

Sai dai waɗannan misalai duk magana suke a kan kyautar Ubangiji, wadda ba wanda ke bin sa bashinta. Manaja da mai makaranta ba kyauta suke rabawa ba, gumi suke saye, kuma saye da sayarwa suna da hukuncinsu. Ƙaddara tana sanyaya zuciyar wanda abu ya sama, ba ta wanke wanda ya yi abin. Mutumin da aka sace wa akuya yakan ce haka Allah ya so, sannan ya kama hanyar gidan mai unguwa, kuma ba wanda ke cewa imaninsa ya yi rauni. Alƙur'anin da ya hana ƙyashi shi ne ya buɗe Suratul Muɗaffifina da narko a kan masu karɓar mudu cike, in sun zo bayarwa su tauye.

Tarihin Madina ya fi kowane wa'azi warware wannan ƙulli, domin manyan sahabbai sun yi saɓani a kai ƙarara. Sayyidina Abubakar, a halifancinsa, daidai-wa-daida yake raba dukiyar baitulmali, tsohon musulunta da sabo, ɗa da bawa. Da aka yi masa magana a kan waɗanda suka riga wasu shiga Musulunci, sai ya nuna cewa ladan rigaye yana wurin Allah, wannan kuwa abin zaman duniya ne, daidaito a cikinsa ya fi. Sayyidina Umar bai ga haka ba. A wurinsa ba zai yiwu a haɗa wanda ya yaƙi Annabi (SAW) da wanda ya yi yaƙi a gefensa a ma'auni ɗaya ba. Da ya kafa diwani wajen shekara ta 20 bayan hijira, sai ya tsara albashin shekara hawa-hawa: mutanen Badar dirhami 5,000 kowanne, waɗanda suka biyo baya ƙasa da haka, Nana A'isha kuwa 12,000. Da Sayyidina Ali ya hau, ya mayar da rabon daidai. Halifofi uku, hanyoyi biyu, kuma malamai ba su kira ko ɗaya daga cikinsu azzalumi ba.

A cikin wancan diwani ne aka rubuta wa Usama ɗan Zaidu dirhami 3,500, aka rubuta wa Abdullahi ɗan Umar 3,000, kamar yadda Tirmizi ya ruwaito. Abdullahi, wanda kowa ya shaida tsantseninsa, bai haɗiye abin ba. Ya je ya tsaya gaban mahaifinsa, wanda shi ne shugaban ƙasa kuma mai riƙe da alƙalamin rabo, ya tambaye shi dalilin fifita Usama alhali ba wani fagen fama da Usama ya riga shi halarta. Umar bai ce masa mahassadi ba, bai kuma ce ya je ya gode wa Allah ba. Dalili ya ba shi: Zaidu ya fi Umar soyuwa a wurin Annabi (SAW), Usama kuma ya fi Abdullahi, don haka ya fifita masoyin Annabi a kan nasa masoyin. Mai karatu na iya gamsuwa da wannan ma'auni ko ya fi karkata ga na Abubakar. Amma ma'aunin a fili yake, an faɗe shi da baki, kuma wanda ya kafa shi ɗansa na cikinsa ya fara rage wa.

Kafin wannan ma, a shekara ta 8 bayan hijira, an raba ganimar Hunaini a Ji'irana, aka ba irin su Abu Sufyan da Uyaina ɗan Hisnu raƙuma ɗari-ɗari, Ansar ba su samu ba. Gunaguni ya tashi, Sa'adu ɗan Ubada ya kai maganar gaban Annabi (SAW). Aka tara su, aka yi musu bayani cewa zukatan sababbin shiga ake rarrashi, su kuwa da Manzon Allah za su koma gida. Suka yi kuka har gemunansu suka jiƙe. Ba tsawa ce ta kwantar da su ba, bayani ne.

Masu binciken tattalin arziki sun iske wannan hali a zamaninmu. A wani nazari da Emily Breza da abokan aikinta suka wallafa a 2018, an ɗauki ma'aikata a jihar Odisha ta Indiya suna ƙananan sana'o'in hannu kamar tufkar igiya da ɗaurin tsintsiya. A wasu rukunoni an biya kowa daidai, a wasu an bambanta. Inda aka bambanta kuma ba a iya ganin wanda ya fi wani ƙoƙari, aiki ya ragu, fashi ya ƙaru. Inda kowa ke gani da idonsa cewa wane ya fi himma, bambancin albashin bai ɓata komai ba. Ashe mutum yana iya jure a fi shi. Abin da ke cin ransa shi ne fifikon da aka kasa faɗa masa tushensa.

Shi ya sa ɓoye albashi ya zama babbar maɓoyar cuta. Lilly Ledbetter ta yi kusan shekara 20 tana aiki a masana'antar taya ta Goodyear a jihar Alabama ta Amurka, ba ta san halin da take ciki ba sai da wani ya ajiye mata 'yar takarda ba suna. Tana karɓar dala 3,727 a wata, mafi ƙarancin albashi cikin maza masu muƙami irin nata yana karɓar 4,286. A 2007 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, ta ce ta makara, domin ba ta kai ƙara cikin kwana 180 ba. Ta yaya mutum zai yi ƙarar abin da aka ɓoye masa? Ba ta samu diyya ba, amma dokar da ke ɗauke da sunanta ita ce ta farko da Barack Obama ya sa wa hannu, a Janairun 2009. A Ingila kuma, Carrie Gracie ta ajiye muƙaminta na editar BBC a Sin a Janairun 2018, bayan jerin albashin da aka fitar ya nuna takwarorinta maza sun fi ta nesa ba kusa ba. An yi mata tayin ƙari ta ƙi, ta ce daidaito take nema. Da BBC ta ba ta haƙuri ta biya ta bashin, sai ta sadaukar da kuɗin ga wata ƙungiyar kare haƙƙin mata. Da wuya a ce kwaɗayi ne ya tayar da ita.

Masu ɗaukar aiki suna da hujjar da suke ji da ita: "Ai da yardarsa ya sa hannu." Gaskiya ne yarda ita ce ginshiƙin ciniki, kuma aya ta farko a Suratul Ma'ida ta wajabta cika alkawari. Amma malaman Malikiyya sun yi magana a kan mutumin da bai san farashi ba, ya sakankance da abokin cinikinsa ya ce a sayar masa yadda ake sayar wa kowa. In aka ci amanar wannan sakankancewa, yana da damar warware cinikin. Ƙwadago kuwa a fiƙihu sayar da amfani ne. Matashin da ya gama bautar ƙasa, ya shekara biyu yana yawo da takardu, aka tambaye shi nawa yake so ya ce, "Ranka ya daɗe, duk abin da kuke biya," ya yi kama da wancan mutumin ƙwarai. Wanda ya san abin da yake biyan sauran, sannan ya yanka masa rabi don ya ga yunwa a idonsa, sa hannun da ya karɓa zai iya fid da shi a gaban lauya, amma da wuya ya fid da shi a gaban Allah.

Shi ma ma'aikacin akwai abin da ke kansa, kuma ba ƙarami ba ne. Ya fara tabbatar da labarin, domin ba kowane bambanci ne zalunci ba: wani ya fi shi daɗewa, wani yana da shaidar ƙwarewar da shi ba shi da ita, wani yana ɗauke da nauyin da ba a gani daga nesa. Kada ya ɗora wa abokin aikinsa karan tsana, tunda ba shi ya yanka albashin ba. Son samun irin abin da wani ya samu halal ne, burin a ƙwace masa shi ne haramun. Mafi haɗari kuwa shi ne ramuwar ɓoye, wato a riƙa zuwa a makare, a bar ɗalibai ba darasi, a taɓa kuɗin aljihun tebur da sunan "ai haƙƙina ne". Ɗalibin da aka bari da majinyacin da aka yi wa sakaci ba su ci masa komai ba. Hanyar da ta rage ita ce ta Abdullahi ɗan Umar: ya tattara hujjojin aikinsa, ya nemi ganin shugabansa, ya yi tambaya cikin ladabi ba tare da kame-kame ba. Aya ta 148 a Suratun Nisa'i ta ba wanda aka zalunta izinin ɗaga murya. In an ba shi dalili mai kama hankali, ya karɓa. In an hana, ya nemi ƙungiyar ƙwadago, ko ya ci gaba da aikinsa da amana yana neman wani wurin, domin barin inda ba a san darajar mutum ba bai saɓa wa tawakkali ba.

A takarda, doka tana bayansa. Sashe na 17 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce a tabbatar da biya ɗaya ga aiki ɗaya ba tare da bambancin jinsi ko wani dalili ba, sai dai sashen yana cikin babi na biyu, wanda ba a kai gwamnati ƙara a kansa kai tsaye. Najeriya a 1974, Nijar a 1966, duk sun amince da yarjejeniya ta 100 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan daidaita ladan maza da mata. Dokar mafi ƙarancin albashi, wadda ta kai shi naira 70,000 a 2024, ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ke nan ɗimbin malaman ƙananan makarantu, yaran shago da ma'aikatan ƙananan asibitoci ba abin da ke tsakaninsu da tauyewa sai tsoron Allah na maigida.

Nan ne aikin malamai yake. An daɗe ana karanta wa talaka ayoyin haƙuri, kuma ya ji. Masu makarantu, masu asibitoci da manajoji su ma suna zuwa masallaci, galibi ma a sahun gaba suke. Limamai su tuna musu hadisin da ke cikin Bukhari, wanda ya lissafa mutum uku da Allah da kansa zai zama abokin shari'arsu ranar alƙiyama, cikinsu har da wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago, ya karɓi aiki cikakke, ya hana shi ladansa. Sannan su ce musu kowa ya koma ya rubuta matakan albashin wurinsa da dalilin kowane mataki, ya liƙa inda duk ma'aikatansa za su karanta.