Furfura, lalle da man shafawa: wa ake yi wa adon?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Allah Ya yi daɗin tsira da aminci ga Shugaba, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, duk wanda ya ratsa wajen masu kayan shafe-shafe a kasuwar Matameye zai ga kwalabe da robobi jere a tebur, da yawansu daga Kano suka shigo ta hanyar Daura. Wannan na goge tamoji, wancan na haska fata, ga baƙin dayis na rufe furfura. Masu saye ba 'yan mata kaɗai ba ne. Akwai uwar 'ya'ya shida da ta ji ƙishin-ƙishin za a yi mata kishiya. Akwai kuma dattijon da ba ya fashin wazifa, wanda gemunsa ya kwana fari ya tashi baƙi wuluk saboda ya fara zuwa zance. Su biyun duk 'yan uwa ne a ɗariƙa, kuma ba mugunta ce ta kai su gaban teburin nan ba, tsoro ne.

Shari'a ba ta hana gyara ba. Muslim ya ruwaito cewa ranar buɗe Makka an kawo Abu Ƙuhafa, mahaifin Sayyidina Abubakar, kansa da gemunsa fari fat, sai Annabi (SAW) ya yi umarni a canza launin, amma a nisanci baƙi. A Risala, wadda kowane almajirin zaure ya sani, Ibn Abi Zaid ya ce rini da baƙi makaruhi ne, bai kai haram ba, lalle kuwa babu laifi. Haka kwalli, haka man kaɗanya lokacin da iskar hunturu ke tsattsaga fata. Macen da ta yi ado don mijinta lada gare ta. Abin da hadisi ya hana shi ne tsige furfura, domin ya kira ta hasken musulmi. Imamu Malik ma ya kawo a Muwaɗɗa cewa Annabi Ibrahim (AS) da ya ga furfura ya tambayi Ubangijinsa mece ce, da aka sanar da shi kwarjini ce sai ya roƙi ƙari.

Amma murid ba ya tsayawa a kan halas da makaruhi kawai, zuciya yake bi ya duba. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan hijira, da ya zo lissafa abubuwan ƙi game da gemu a Ihya'u, ya ambaci mutum biyu. Ɗaya yana rina shi baƙi don a ɗauka yaro ne. Ɗayan yana turara nasa da farar wuta don ya yi fari, a ɗauka dattijo ne, a girmama shi, a karɓi maganarsa. A ido sun saɓa, amma ciwonsu guda: kowannensu ya miƙa fuskarsa ga idon mutane su yanke mata farashi. Wannan na biyun ya fi kusa da zawiya fiye da yadda ake zato, don ba a rasa mai naɗa babban rawani da jan tafiya irin ta manya alhali lazimin safe ma da ƙyar yake cika shi. Kuma Gazali ya kawo labarin wani da ya yi aure da rinannen gemu a zamanin Sayyidina Umar. Da rinin ya zuba, dangin matar suka kai ƙara, Umar ya raba auren, ya kuma hore shi saboda ya yaudare su. Dattijon da ke zuwa zance ya riƙe wannan: in ya ga dama ya sa lalle, amma waliyyin yarinya ya ji shekarunsa na gaskiya daga bakinsa.

Yanzu an samu abin da ya wuce rini. A manyan birane ana yin allurar Botox, wadda Amurka ta amince da ita don tamojin tsakanin gira a 2002. Aikinta ta kashe motsin naman wurin na wata uku zuwa huɗu, sannan tamoji ya dawo, a sake biya. A Matameye a waya ake ganinta. Abin da ke hannun mutane shi ne man bilicin, kuma ya fi ta ɓarna. Da yawansa na ɗauke da hydroquinone, ko clobetasol wanda asalinsa maganin ciwon fata ne na ɗan lokaci, wani ma har da zaiba. Watannin farko fuska ta yi sheƙi. Daga baya fata ta yi siriri, nankarwa ta fito, baƙin tabo ya kama kunci, ƙaramin rauni ya ƙi warkewa, zaiba kuwa ƙoda take taɓawa. Sai fata ta tsufa kafin mai ita. A nan ba a buƙatar doguwar fatawa, jiki amana ne kuma cutar da shi haram ne. Neman maganin ƙuraje ko tabon ƙuna wajen likita daban yake, wannan magani ne.

Ga kuma batun tsarki. Lalle launi ne, ba ya tare ruwa. Amma duk abin da ya yi ɓawo a kan fata har ruwa ya kasa ratsawa, sai an kankare shi kafin alwala ta inganta, kuma ɗan Tijjaniyya ya san Jauharatul Kamali ba a karanta ta sai da tsarkin ruwa.

Ita kuwa uwar 'ya'ya shida, ba ita kaɗai za a yi wa wa'azi ba. Sau da yawa bakin maigida ne ya tura ta kasuwa: wata magana da ya yar kan yadda ta kwana biyu, ko yabon farar mace da ya yi a gabanta. Tamojin fuskar nan a gidansa ta same shi, tsakanin haihuwa da hayaƙin murhu da ranar gona. In ya dawo daga zikirin Juma'a ya ga robar man nan a kan taga, kafin ya yi faɗa, ya tuna yaushe rabon da ya yaba mata.